Zuwa meri bai mayar da mu Nasara ba

Ɗan uwa na ga tambayarka, wai da gaske ne mu Hausawan Yawunde sai mun raba dukiya da mace a takarda kafin aure, kuma wai ai wannan ɗabi'ar Nasara ce. Gaskiya maganar ƙarshen nan ta ɗan sosa min rai. Kakan babana fatauci ya kawo shi garin nan tun zamanin Jamus, a unguwar Birketeri aka haifi babana aka haife ni, aurenmu har gobe a masallaci ake ɗaura shi da waliyyi da sadaki da goro kamar naku na Katsina.

Abin da ya bambanta shi ne gwamnatin Kamaru ba ta san fatihar liman ba, auren meri ta sani, wato wanda ake ɗaurawa a ofishin magajin gari, tun a dokar 1981 haka abin yake. Sai an manna sunayenku wata guda tukuna, ranar kuma a tambaye ku a gaban shaidu, mace ɗaya ko fiye, sannan dukiya a haɗe ko kowa da tasa. Wanda ya sa hannu kan mace ɗaya don ya faranta wa amarya rai, daga baya ya ce zai ƙara, to laifi ne a kotu, shi ya sa dattawanmu ke jan kunnen samari tun daga gida.

Ni kowa da tasa na zaɓa, kuma ka faɗa min ina Nasaranci a nan? Ba malamanku ne suka karantar da mu dukiyar mace tata ce ba, sadakinta da gadonta da abin da hannunta ya nema? Matata 'yar ƙabilar Ewondo ce, eh, na san nan ma za ka ɗaga gira, ta musulunta shekara biyu kafin mu haɗu, tuwonta da miyar kuka sai ka rantse a Funtuwa ta tashi. Kekunan ɗinki uku gare ta, da kuɗin adashi ta saye su ɗaya bayan ɗaya, na farkon ma tsoho ne sai an ɗiga masa mai kullum da safe. In Allah Ya sa na ƙara aure, da wane ido zan kalle ta in ce kekunan nan sun shiga tukunya ɗaya da amarya? Danginta ma da suka ji haka hankalinsu ya kwanta, don da tsoronsu Bahaushe zai kwashe guminta ya kai arewa.

Gwaggona ce ta koya min darajar takardar nan, Allah Ya jiƙanta. Shekara 31 tana gidan miji, direba ne na gwamnati, auren masallaci kawai suka yi don a lokacin ana ganin zuwa meri kamar rashin yarda da Allah ne. Da ya rasu ta fita takaba ni na raka ta ofishin fansho, ina riƙe da jakar ledar da ta zuba hotunan suna da katin asibitin yara a ciki. Matar da ke teburin ko buɗe ledar ba ta yi ba, takardar aure kawai ta tambaya. Muka fito gwaggo ta zauna bakin matakala ta ce min da Hausarta mai sanyi, "ashe ni ba matarsa ba ce a wurinsu". Da sayar da ƙosai ta ƙarasa rainon autanta.

Idan ka shigo hutu ka sauka wurina, ƙanwata za a kai meri bayan babbar salla, ka zo ka ji tambayoyin da kunnenka.