Yana dukana, ya ce sai na biya sadaki zai sake ni

Tambaya: Salam Malam, daga Garwa ta Kamaru nake. Mijina na dukana, watan jiya har haƙori ya fasa min sai maƙwabta suka ƙwace ni. Na yi yaji baba ya maido ni, inna ta ce mai neman saki ba ta jin ƙamshin aljanna. Shi kuma wai sai na biya sefa dubu 300 na bar masa yara sannan ya ba ni takardata.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya kawo mafita. Haƙorin nan da maƙwabtan da suka gani su ne suka canza hukuncin, don cutar ta fito fili. A Malikiyya in cuta ta tabbata alƙali na raba aure ko miji bai so ba, haka yake a littafin fiƙihu na Mukhtasar Khalil, ko da shaidu ba su ce an maimaita ba. Ko dala ba ki biya. Ko kin riga kin biya, Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ce saki ya auku kuma a maido miki kuɗinki.

Hadisin da inna ta kawo akwai shi, amma rabi ake karanto wa mata. Lafazin ya ce wadda ta nemi saki ba tare da wata cuta ba, to in fasa haƙori ba cuta ba ne mene ne cuta? Matar Sabitu bn Ƙaisu fa cewa ta yi ba ta zargin addininsa ko halinsa, zaman ne ba ta iyawa, Annabi (SAW) bai ce koma ki yi haƙuri ba, gonar sadaki ya ce ta mayar aka raba su. Irinta ke mayarwa, ba ke ba. Wlh yana ƙona min rai yadda wasu masu wa'azi ke tura 'ya'yan mutane gidan duka da sunan ibada alhali Baƙara aya ta 231 ta hana riƙe mace don cutarwa.

Renon yara kuwa naki ne muddin ba ki sake aure ba, ciyarwa a kan ubansu.

Ki je asibiti a ba ki takardar likita, ki ɗauki kawunki da maƙwabtan ku je wurin alƙalin fadar Lamiɗo. In mijin ya taɓa ɗaga miki wuƙa kar ki ƙara kwana gidan, jandarma za ki. Inna kuma ki bi ta a hankali, tsoron a ce 'yarta bazawara ce ke damunta, ki sa limamin unguwarku ya zauna da baba. Kar wata ta ja ki wurin boka, kuma kar ki saurari wani namiji sai idda ta cika. Wallahu a'alam.