Turkiyya ko Maroko a ƙarshen Oktoba, ga mai tafiya da mahaifiya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce hutun kwana goma ne za ka samu daga makon ƙarshe na Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ku uku ne, kai da maiɗakinka da Hajiya mahaifiyarka wadda gwiwa ke ɗan damunta, kuma ka rasa na zaɓa tsakanin Turkiyya da Maroko. Na je ƙasashen biyu a lokacin kaka, kuma da ni ne kai Turkiyya zan kai Hajiya. Akwai dalili guda da zai iya juya wannan shawara, zan zo kansa a ƙasa.

Bari in fara ba Maroko haƙƙinta, domin a maganar yanayi ita ce gaba. A Oktoba zafin bazara ya riga ya karye a Marrakesh, da rana ma'aunin zafi yana wajen 28, a Nuwamba ya sauko kusa da 22, ga rana tarwai, sai da dare a ɗan nemi rigar sanyi. Istanbul kuwa a daidai kwanakin da ka ambata ta fara shiga damina irin tasu. Da rana wajen 15 zuwa 20 ne, iska mai sanyi na tasowa daga teku, ana iya wayar gari da yayyafi a yini da shi, kuma ƙarfe shida na yamma rana ta faɗi. Wanda rana da ɗumi kawai yake nema, to ya rufe ido ya tafi Maroko.

Matsalar Maroko ita ce abubuwan da ake zuwa dominsu a warwatse suke. Duk wanda ya ce zai je, a ransa akwai dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh, da tsohon birnin Fas, da masallacin Hasan na Biyu a Kasablanka, da kwanan tanti a tsakiyar rairayin Sahara. A taswira sai ka ga kamar kusa suke da juna. Daga Marrakesh zuwa Fas a jirgin ƙasa kusan awa bakwai ne. Jirginsu mai gudu, Alburaƙ, wanda ya fara aiki a Nuwamban 2018, tsakanin Tanja da Kasablanka yake zirga-zirga, saboda haka bai rage maka wannan tafiyar ba sai ɗan guntu. Sahara kuma ita ce babba. Daga Marrakesh zuwa Merzuga, inda tuddan yashin Erg Shebbi suke, ya haura kilomita 500, tafiyar awa tara ko goma a mota, kuma sai an haye duwatsun Atlas ta mashigar Tizi n'Tishka da ke sama da mita 2,200. Hanya ce mai kwana-kwana, ana gama wannan lanƙwasa a shiga waccan, kuma na ga ƙarti majiya ƙarfi suna neman leda a motar nan. Shirin da kamfanonin yawon buɗe ido ke sayarwa na kwana uku ne, amma in ka cire zaman mota, abin da ya rage maka a cikin rairayi yamma ɗaya ce da asuba ɗaya, da hawan raƙumi na kamar awa guda. Wurin yana da kyau, ban musa ba, tuddan nan wasu sun kai mita 150, kuma da magariba launinsu kan koma ja. Amma kwana uku cikin goma, ga dattijuwa mai ciwon gwiwa a kujerar ƙaramar bas, ban ga ribar ba.

Sai kuma tsofaffin biranen kansu. Mota ba ta shiga cikin tsohuwar Fas. Lunguna ne dubbai, wasu in ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bangon nan da na can, kuma garin a kan gangara yake. Kana tafe sai ka ji an daka tsawa a bayanka, "Balak! Balak!", kafin ka waiga alfadari ne ɗauke da tukwanen gas ko jiƙaƙƙun fatu daga majema, dole ka manne da bango ya wuce. Ni wannan yana cikin abin da ya sa nake son Fas, domin gari ne da mutanensa ke harkarsu ba don baƙo ba. Amma ka hango Hajiya a wurin. A Marrakesh ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai babura ne ke ratsa lungunan kasuwa a guje. Masaukan da ake yayi, tsofaffin gidajen nan masu tsakar gida da suke kira riyad, yawancinsu babu lifta, matakalarsu ƙunci gare ta ga tsayi, kuma sau da yawa mota kan ajiye ku nesa ne, a ɗauki jakunkuna a kura. Ga kuma samarin da ke liƙe wa baƙo, su ce hanyar nan a rufe take, zo in nuna maka wata, ƙarshenta a shagon kafet ko a miƙo hannu. Ba a cika samun tashin hankali ba, amma yini guda kana cewa "la, shukran" yana gajiyar da mutum.

Istanbul kuwa ka sauke jakarka sau ɗaya, shi ke nan. Ka kama masauki mai lifta a unguwar Sultanahmet ko Sirkeji, kusa da layin jirgin cikin gari mai lamba T1, ka sayi katin Istanbulkart ka zuba masa kuɗi. Katin nan ɗaya zai isar muku ku uku, ka taɓa ka miƙa wa na baya, kuma yana aiki a jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa. Manyan wuraren duk a kusa suke. Ayasofiya da masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida suna kallon juna, lambu ne kawai a tsakaninsu. Ayasofiya an gama ta a shekarar 537 a matsayin coci, Sultan Muhammad Alfatih ya mayar da ita masallaci da ya ci birnin a 1453, ta zama gidan tarihi a shekarun 1930, aka sake mayar da ita masallaci a Yulin 2020. Tun Janairun 2024 baƙi masu zuwa kallo suna biyan Yuro 25 su hau benen sama ta wata ƙofa, masu zuwa salla kuma da tasu ƙofar. Ku tafi lokacin salla da alwalarku.

Bayan Ayasofiya kaɗan fadar Topkapi take. Ban da ɗakunan sarauta, akwai sashen da aka ajiye kayan tarihin Musulunci, har da akwatin da ke ɗauke da alkyabbar Manzon Allah (SAW) da takubban da ake jingina wa sahabbai, kuma akwai mai karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. Layin shiga sashen yana da tsawo, don haka ku isa da buɗewar ƙofa ku fara da shi. Ranar Talata fadar a rufe take, babbar kasuwa mai rufi kuma ba ta ci ranar Lahadi. Ka rubuta waɗannan biyun a wani wuri, domin mutane da yawa sai sun je bakin ƙofa suke sani.

Kabarin Abu Ayyubal Ansari, sahabin da Annabi (SAW) ya sauka a gidansa a Madina, yana unguwar Ayyub Sultan, kuma jirgin T5 daga Eminonu, unguwar tashar jiragen ruwa, yana bin gaɓar ruwa ya kai ku kusa da shi, babu hawa babu gangara. Masallacin Sulaimaniyya, aikin magini Sinan da aka gama a 1557, shi ne na fi so a duk garin, amma a kan tudu yake, wannan kam ku hau tasi. Istanbul ma tana da nata tuddan da duwatsun daɓe masu santsi in an yi ruwa, ba zan ɓoye maka ba. Bambancin shi ne kusan kullum akwai abin hawa da zai kewaye maka su.

Ruwan saman da na ambata bai hana komai ba, saboda galibin abin gani a ƙarƙashin rufi yake. Ranar da gari ya yi lumshi, ku sauka Eminonu ku hau jirgin ruwan da ke tsallakawa Uskudar ko Kadikoi, ɓangaren Asiya. Tafiyar kamar minti ashirin ce. A ciki akwai ɗumi, akwai benci a jikin taga, ga mai shayi yana yawo da faranti cike da 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, shayin ja wur, da ƙwayar sukari biyu a gefe. A waje yara na gutsura burodin simit mai riɗi suna cilla wa tsuntsayen teku, su kuwa suna cafewa a iska. Hajiya tana zaune za ta ga ƙubbobi da hasumiyoyin tsohon birni suna ja da baya, ba ta taka ko'ina ba. Kuɗin kaɗan ya ɗara na bas. Kuna iya maimaitawa kullum ba ku gaji ba.

In kwanakinku sun haɗa da 29 ga Oktoba, ranar bikin kafa jamhuriyarsu ce ta 1923. Gari kan cika da jajayen tutoci, ana rufe wasu hanyoyi, ababen hawa su cika maƙil. Ranar hutawa ce a kusa da masauki.

Na san maiɗakinka za ta kawo maganar Kapadokiya, wani yanki a tsakiyar Turkiyya, da manyan balan-balan ɗin nan masu tashi sama da mutane a cikin kwando da ake gani a hotuna. Daga Istanbul tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a jirgin sama zuwa Kayseri ko Nebshehir, sai mota ta ƙarasa da ku garin Goreme, inda balan-balan ɗin ke tashi. Abin lura shi ne yankin yana kan tudu fiye da mita 1,000, kuma a ƙarshen Oktoba sanyin asuba kan kusa sifili, ga shi da asubar ake tashi. Hukumar sufurin sama ce ke ba da izinin tashi kowace safiya, in iska ta yi ƙarfi a soke na ranar gaba ɗaya, kuma sokewar na ƙaruwa yayin da ake shiga Nuwamba. Wanda ya ware dare ɗaya kacal caca ya yi. Ku ware dare uku, ku yi rajistar safiyar farko, in ta faɗi kuna da sauran biyu. Shiga kwandon ma sai an ɗaga ƙafa an haura, saboda haka Hajiya ta zauna a saman masauki da bargo da shayi, daga nan ma an fi ganin su suna tashi. Biranen ƙarƙashin ƙasa irin su Derinkuyu a sunkuye ake bin su, kada ma ku fara da ita. In dare uku sun yi muku yawa, ku bar Kapadokiya ku yi yini guda a Bursa, tsohuwar hedikwatar Daular Usmaniyya ta Turkawa, ku yi salla a babban masallacinta mai ƙubba ashirin, ku dawo.

A maganar kuɗi, kada ka dogara da abin da wani ya kashe shekarun baya. Hauhawar farashi ta yi wa lira, kuɗin Turkiyya, illa, kuɗin shiga wasu manyan wuraren tarihi yanzu da Yuro ake yanka wa baƙi, kuma ku uku ne, abin yana taruwa. Maroko ta fi sauƙi a abinci da masauki da kuɗin shiga wurare, amma abin da ka rage a nan sai ka mayar da shi a tikitin jirgi da hayar mota da ɗan jagora. Dirhaminsu kuma a can ake canzawa, ka ƙarar da shi kafin ka fito. 'Yan tasi a ƙasashen biyu sai ka ce uwa ɗaya ta haife su: in bai kunna mita ba, ku sauka. Biza ta danganta da fasfon da kuke riƙe da shi, ka fara da ita tun kafin ka biya tikiti.

Dalilin da na ce zai iya juya shawarar shi ne wannan. Ka tambayi Hajiya abin da ranta ke so. Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, tana cikin tsohuwar Fas, 'yar tafiya kaɗan daga masallacin Ƙarawiyyin da Fatima Alfihriyya ta kafa a 859. In ziyarar nan ce burinta, babu abin da Istanbul za ta ba ta a madadinta, kuma gwiwar ma za ka ga ta yi sauƙi. Sai dai a tsara tafiyar daban. A manta da Sahara, a manta da Marrakesh. Ku sauka Kasablanka, ku yi dare biyu ku yi salla a masallacin Hasan na Biyu da aka gama a 1993 a bakin teku, mai hasumiyar mita 210. Tashar jirgin ƙasa tana cikin filin jirgin saman, kuma daga Kasablanka zuwa Fas kamar awa huɗu ne, ku sayi kujerar ajin farko. A Fas ku yi dare huɗu ko biyar, ku nemi ɗakin ƙasa a masaukin da ke kusa da dandalin Rasif, domin mota na isa can, kuma daga nan zawiyar ba nisa. Ranar da za ku zaga kasuwa, tasi ta kai ku ƙofar Bab Bujulud da ke sama, ku biyo gangara a hankali har ku fito Rasif, kada ku yi akasin haka. Ƙananan tasinsu mutum uku kawai suke ɗauka, daidai ku ke nan. Ranar Juma'a shaguna da yawa ba sa buɗewa a tsohon garin, lungunan kan yi sarari, amma zawiyar kan cika bayan la'asar saboda zikiri, don haka ku je da wuri Hajiya ta samu wurin zama a sashen mata. Sauran kwanakin ku ƙarasa su a Rabat a hanyar komawa, gari ne shimfiɗaɗɗe mai natsuwa, kuma awa ɗaya ce daga nan zuwa Kasablanka.