Amsa: Shin kuɗi ne ke kawo farin ciki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko samun kuɗi zai kawo ƙarshen damuwarka. Ya danganta da irin damuwar. Idan bashi ne ke hana ka barci, ko kuɗin haya, ko maganin mara lafiya, to masu gidan rana za su share maka hawaye. Duk mai cewa kuɗi ba kome ba ne, da wuya ya taɓa kwana yana lissafin ranar biyan bashi.

Masana ma sun yi ta jayayya a kai. A 2010, Daniel Kahneman da Angus Deaton sun gano cewa a Amurka walwalar yau da kullum tana ƙaruwa tare da kuɗin shiga, amma ta tsaya wajen dala 75,000 a shekara. A 2021 Matthew Killingsworth ya ce sam ba ta tsayawa. Da shi da Kahneman suka sake duba alƙaluman tare a 2023, sai suka ga tana tsayawa ne ga rukunin da dama can suka fi kowa ƙunci. Wato kuɗi bai kai ga asalin abin da ke cin su ba.

Kai wace irin damuwa ce taka?