Ƙuri'ar da Ta Fito da Matiyas: Yadda Ake Jefa ta da Abin da Ya Raba ta da Duba

Tambaya: Malam, na karanta a Ayyukan Manzanni cewa da ƙuri'a aka zaɓi Matiyas ya maye gurbin Yahuza Iskariyoti. Yaya ake jefa wannan ƙuri'a, kuma da me ake yin ta? Ba duba ba ce, wanda Attaura ta hana?

Amsa: Ɗan'uwa, ba duba ba ce. Mai duba gaibu yake nema: me zai faru gobe, wa ya yi mini asiri. Shi Maimaitawar Shari'a 18:10 ta hana. Ita kuwa ƙuri'ar Yahudawa, yawanci ba a kawo ta sai mutane sun gama nasu aikin, an tace, an auna, saura mutum biyu ko kashi biyu da ba wanda ya fi wani. A nan ake janye hannun ɗan Adam don kada a ce an yi son kai. Karin Magana 18:18 ta ce ƙuri'a tana kashe gardama, 16:33 kuma ta ce a cinya ake zuba ta, amma hukuncin na Ubangiji ne.

Kayan aikinta ba su da yawa. Tsakuwoyi ne, ko guntayen itace, ko tsingaron tukunya, a yi wa kowanne alama ko a rubuta suna, a zuba a tulu ko a haɓar riga, a girgiza, a zaro ɗaya ko a bar ta ta faɗo. A Masada, wani tsohon sansani a kan dutse kusa da Tekun Gishiri, tonon da masanin kayan tarihi Yigael Yadin ya jagoranta daga 1963 zuwa 1965 ya fito da tsingaro 11 masu ɗauke da sunaye, ɗaya an rubuta "ben Ya'ir", irin sunan shugaban mayaƙan Yahudawa da Romawa suka kewaye a wurin. Yadin ya ɗauka su ne ƙuri'ar da Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ce mayaƙan wurin sun jefa, ko da yake wasu masana na ganin alamun rabon abinci ne.

Inda bayani ya fi cika shi ne Haikalin Urushalima, domin Mishna, kundin dokokin malaman Yahudawa, wadda aka tattara wajen shekara ta 200, ta adana tsarin a sashen Yoma. A zamanin Haikalin, a Ranar Kafara ana kawo bunsuru biyu, kamar yadda Littafin Firistoci 16:8 ya umarta, a nemi masu kama ɗaya, tsayi ɗaya, kuɗi ɗaya. Akwai ɗan akwatin katako da bai wuce ya ɗauki hannu biyu ba, a ciki da ƙuri'a biyu, ɗaya "na Ubangiji", ɗaya "na Azazel", wato ta bunsurun da za a kora jeji. Da farko na itace ne, daga baya wani mai suna Ben Gamla ya ƙera na zinariya. Dole girmansu da abin da aka yi su da shi su zo daidai, don in ɗaya ta fi nauyi yatsa zai gane ta. Babban firist yana tsayawa da mataimakinsa a dama, shugaban gidan firistoci a hagu, ya tura hannuwa biyu ya fizgo su lokaci guda, ba laluba. In ta Ubangiji ta fito a dama, mataimakin ya ce masa ya ɗaga hannun dama. In a hagu ne, na hagun ya yi magana. Sai a ɗaura jan zare a kan bunsurun da za a kora jeji. In kuma ɗaya ya mutu bayan an jefa, ba a sayo guda a cike gurbi: sabbi biyu ake kawowa a sake jefawa, domin ƙuri'ar ce ke ba dabbar matsayinta.

Ƙuri'ar kullum ta rabon aikin firistoci ta fi wannan ban sha'awa, kuma haɗari ne ya haife ta. Da can duk firist ɗin da ke son kwashe tokar bagade, tsere yake yi a kan gangaren hawa. Wata rana biyu suka yi kunnen doki, ɗaya ya ture ɗan'uwansa, ya faɗi ya karye a ƙafa. Daga nan majalisa ta mayar da abin ƙuri'a, sau huɗu a rana. Firistoci su yi da'ira, mai kula ya cire rawanin ɗaya don a san inda ƙirga za ta fara, a ambaci lamba mai yawa, kowa ya miƙo yatsa, a yi ta zagayawa har lambar ta cika a kan wani. Yatsu ake ƙirgawa, don suna gudun ƙirga kawunan Isra'ilawa. An hana miƙa babban yatsa, saboda mai wayo zai iya ware shi nesa da manuni a ƙirga shi mutum biyu in ya ga lambar ta kusa. Ƙuri'a ta uku ta ƙona turare ce, kuma wanda ya taɓa yi ba ya shiga. Ita ce ta faɗa kan Zakariya a Luka 1:9, ka ga ke nan ranar ba ƙaramar rana ba ce a rayuwarsa.

To, da wannan idon za ka koma Ayyukan Manzanni 1:15-26. Mutum wajen 120 ne a wurin. Bitrus ya fara gindaya sharaɗi: sai wanda ya bi Yesu tun daga baftismar Yahaya har ranar da aka ɗauke shi sama. Aka fitar da biyu, Yusufu da ake kira Barsaba, da Matiyas. Aka yi addu'a, sannan aka jefa. Ko ta faɗa kan wa, cancantacce ne, don haka ba abin da aka saka a caca.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai wuraren da aka nemi mai laifi da ita, kamar Akan a Joshuwa 7, da Jonatan a 1 Sama'ila 14, da Yunusa a jirgi, labarin da Alƙur'ani ma ya ambata a 37:141. Amma lura, a duk ukun sai da aka tambayi mutumin ya faɗa da bakinsa. Ga Jonatan ma jama'a suka hana Saul zartar da hukuncin. Wanda ya nemi ranar sa'a da ita kuwa Haman ne, a Esta 3:7, kuma ba a matsayin abin koyi aka kawo shi ba.

Bayan Fentikos, ranar saukar Ruhu Mai Tsarki, Sabon Alkawari bai sake ambatar ta ba. Mutum bakwai da aka ba hidima a Ayyukan Manzanni sura ta 6 jama'a ce ta zaɓe su. Yahaya Kirisostom, ɗaya daga cikin malaman ikkilisiya na da, ya ce manzanni sun jefa ne don Ruhu Mai Tsarki bai riga ya sauko ba. Agustin kuwa, shi ma malamin ikkilisiya na da, bai yar da ita gaba ɗaya ba: a wasiƙarsa ga bishop Honoratus ya yarda a jefa in limaman ikkilisiya sun kasa daidaitawa kan wa zai tsaya wa zai gudu a lokacin tsanani. Abin da majalisun ikkilisiya na Agde a 506 da Orleans a 511 suka hana shi ne neman sanin gobe da abin da ake kira ƙuri'ar tsarkaka, wato duba da aka yafa wa rigar addini. Kiristocin Kibɗawan Masar har yau suna riƙe da tsarin Bitrus wajen zaɓen shugaban ikkilisiyarsu: a ranar 4 ga Nuwamba 2012, bayan masu zaɓe sun tace 'yan takara zuwa uku, wani yaro da aka ɗaure wa ido ya zaro sunan Tawadros na Biyu a babban cocin Markus da ke Alƙahira.