Muryar Goku da Maganar Ummi: Amsa ga Maman Khalil

Assalamu alaikum 'yan gida. Maman Khalil, na ji saƙonki tun da hantsi, ina kan hanya ne shi ya sa sai yanzu. Kin ce Khalil ya zo miki da labarin wai tsohuwa ce ke yin muryar Goku, jarumin katun ɗin nan na Dragon Ball mai gashi tsaitsaye, kika ce masa ya daina shirga ƙarya. Kuma kin tambaya ko kwaikwayon muryoyin mutane da Ummi ke yi a gida abin a tsawata mata ne.

To wallahi ki ba yaron nan haƙuri, gaskiya ya faɗa. Sunan matar Masako Nozawa, 'yar Japan ce, an haife ta a Tokyo a 1936. Tun ranar da aka fara haska Dragon Ball a talabijin ɗinsu a 1986 ita ke yin muryar. A lokacin tana da shekara 49, shi kuwa Goku ɗan ƙanƙanin yaro ne mai wutsiya. Mai zana labarin da kansa, Akira Toriyama, wanda ya rasu a 2024, shi ya saurari muryoyin waɗanda suka zo gwaji ya ce tata yake so. Goku ya girma, ya yi aure, ya haihu, ba a canja ta ba. Sai ma aka ƙara mata 'ya'yansa biyu, Gohan da Goten, har da ubansa Bardock. Uba da 'ya'ya suna hira, ita kaɗai ce a gaban makirfo, ta juya nan ta juya can, kuma kunnenki zai rarrabe wane ne wane. Amma fa in na Turanci Khalil ke kallo, babban Goku a nan namiji ne ke yi, Sean Schemmel.

Dalilin sa mace mai sauƙi ne. In kika ɗauko yaro ɗan shekara 11, kafin ki ankara ya balaga, murya ta buɗe ta yi kauri, shirin kuwa ana shekara da shekaru ana yin sa. Shi ya sa Naruto ma, wani jarumin katun na Japan, mace ce ke yin muryarsa, Junko Takeuchi, tun 2002. Luffy na One Piece ma haka, Mayumi Tanaka, tun 1999.

Su can Japan suna ce wa masu wannan aiki seiyu, kuma sana'a ce sosai, da makarantunta da kamfanonin da ke nemo musu aiki. Yadda suka saba yi a situdiyo shi ne ya fi burge ni. Mutum goma ko fiye, makirfo uku ko huɗu, allo a gabansu, kowa da takardarsa a hannu. Layinki ya zo, ki matso ki faɗa daidai da motsin bakin zanen, ki ja baya a ba wani wuri, ba tare da takalminki ya yi ƙara ba. Ni da na ɗan taɓa wasan kwaikwayon rediyo na san wannan: juya takarda kaɗai, ɗan "shaf" ɗin nan, makirfo ya kama, sai a ce a sake. Ko awarwaro cirewa muke yi kafin mu shiga.

Na wasan bidiyo kuma ya fi cin maƙogwaro. Ke kaɗai za a rufe a ɗan ɗaki, a miƙo miki layuka rututu, babu abokin magana. A ce yi ihun kai naushi, yi nishin wanda aka doka a ciki, yi na wanda ya faɗo daga sama, kowanne sau da yawa. A Amurka har yajin aiki suka shiga a 2016, kuma wahalar murya na cikin koke-kokensu. Suka sake shiga a 2024, wannan karon kan kada a kwafi muryarsu da ƙirƙirarriyar basira ba da izininsu ba. To wannan baiwar Allah, Masako Nozawa, tun 1993 take yi wa Goku ihu a wasannin bidiyo, har kundin Guinness ya rubuta sunanta a 2017 kan daɗewa a murya ɗaya. A 2023 gwamnatin Japan ta sa ta cikin waɗanda ta karrama kan hidimar al'adu, ita ce ta farko a masu sana'ar. Yanzu shekarunta sun doshi 90.

Abin da ke damuna, mu nan muna da masu sauraro, dubi yadda ake rububin fassarar fina-finan Indiya. Amma sau tari namiji ɗaya ne zai yi jarumi, ya yi mugu, sannan ya maƙale murya ya yi uwa da budurwa. Ina matanmu? Kukan uwa fa sai mace.

Don haka a maganar Ummi, ni dai a ganina kada ki tsawata mata. Ki dai hana ta kwaikwayon manya a gaban baƙi ko yi wa mai lalura dariya, wannan tarbiyya ce. Ki ba ta tatsuniya ta karanta da ƙarfi, Gizo da muryarsa, Ƙoƙi da tata, ki ɗauka a wayarki ta saurari kanta. In ta ji maƙogwaro na kartarta ta tsaya, ta sha ruwan ɗumi. Ki turo min ɗaya ta akwatina bayan isha'i in ji, zan gaya miki inda za ta gyara. A gaida Baban Khalil.