Arkwright: Sunan da Ba Shi da Alaƙa da Jirgin Annabi Nuhu

Wani malamin makaranta daga Zariya ya rubuto yana cewa ya ci karo da sunan Richard Arkwright a darasin tarihin masana'antu, kuma da yake ƙamus ya nuna masa cewa "ark" shi ne jirgin Annabi Nuhu, alaihis salam, yana so ya san ko zuriyar nan tana danganta kanta da maƙeran jirgin ne, kuma ko karin maganar da ke cewa "suna linzami" ta shafi irin wannan suna.

Malam, tambayarka ta yi ma'ana, amma amsar farko ita ce a'a. Sunan ya haɗa kalmomi biyu ne. Ta farko ta samo asali daga "arca" ta Latin, wadda ke nufin akwati ko sanduƙi, kuma a arewacin Ingila an daɗe ana kiran babban akwatin katako da ake adana gari ko hatsi a ciki da wannan suna. Ta biyu, wato "wright", tsohuwar kalma ce mai nufin mai sana'ar hannu, musamman masassaƙi. Ashe ke nan Arkwright kafinta ne mai yin akwatunan ajiya, kamar yadda Cartwright yake mai yin amalanke. Sunan bai yaɗu ba, domin mafi yawan masu shi daga yankin Lancashire suka fito.

Abin da ya kamata a lura da shi sosai shi ne bambancin al'adarsu da tamu. A ƙasar Hausa, idan an ce wa mutum Maƙeri ko Wanzami, to ƙira ko wanzanci yake yi, kuma in jikansa ya bar sana'ar gidan, laƙabin yakan bar shi. Galibi sunan uba ko na gari muke liƙawa, irin su Shagari da Tafawa Ɓalewa. Turawan Ingila kuwa sun fara gadon sunan gida ne bayan mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066, manyan masu ƙasa suka soma, talakawa suka biyo baya, har zuwa wajen 1400 abin ya game yawancin jama'a. Daga nan laƙabin ya daskare, ya daina bin sana'a. Shi kansa Richard Arkwright, wanda aka haifa a Preston a 1732, ɗan tela ne, ya kuma fara neman abinci da aski da yin gashin kanti a Bolton kafin ya yi rajistar injinsa na kaɗin auduga a 1769, ya gina masana'anta a Cromford a 1771. Babu akwati ko ɗaya a cikin wannan tarihi.

Saboda haka karin maganar ta taɓa shi ta fuska ɗaya kawai: linzami ne da ake jan mai shi ya waiwayo idan an kira, amma ba ya nuna hali ko aikin da zai yi, kamar yadda wasu ke fassara ta a nan.

Wanda ke son bin salsalar irin wannan gida baya-baya yake tafiya. Yakan fara da rajistar haihuwa da aure da mutuwa wadda gwamnati ta soma a Ingila da Wales a 1837, ya haɗa da ƙidayar jama'a ta 1841 da waɗanda suka biyo ta, sannan ya koma littattafan rajistar baftisma da aure da jana'iza na majami'u da aka ba da umarnin ajiyewa tun 1538. Kafin wannan shekara sai tsofaffin takardu kamar na haraji, irin na kuɗin kai na 1377 da 1379 da 1381, inda akawu yakan rubuta suna yadda kunnensa ya jiye masa. A ganina nan ne masu bincike suka fi yin tuntuɓe, domin sukan ɗauki kamannin suna a matsayin hujjar dangantaka, alhali kafintoci biyu da ba su haɗa jini ba suna iya barin wa jikokinsu suna iri ɗaya.