Kafin ka zargi yaron shago, duba kwanan wata

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a kasuwar Singa, Kano. Na sauke bayanan kuɗin POS cikin manhajar lissafi ta Excel, na tace na watan Maris kaɗai, sai jimillar ta gaza abin da ke littafin ciniki nesa ba kusa ba. Ko yaron shagona ne ke yi mini ɓarna?

Amsa: Alhaji, a dakata da zargi tukuna. Na fi tuhumar kwanan watan.

Mu a nan rana muke fara rubutawa, sai wata. Amurkawa kuwa wata ne a gaba, kuma kwamfutoci da yawa da saitin Amurka suke zuwa. To ka ga 05/03/2025, wato 5 ga Maris a wurinka, Excel zai ɗauke shi 3 ga Mayu. Cinikin 1 zuwa 12 ga wata ya watse ke nan cikin wasu watanni, in ban da na 03/03. Daga 13 zuwa 31 abin ya fi muni: tunda babu wata na 13, sai ya ajiye su a matsayin rubutu kawai, matatar kwanan wata kuma ta tsallake su. Gane wannan ba wuya. In ba a taɓa tsarin shafin ba, kwanan wata na gaske yana jingina dama, wanda ya zama rubutu yana maƙale a hagu.

Maganinsa, a mayar da saitin yankin kwamfutar zuwa Najeriya ko Birtaniya, sannan a sake shigo da fayil ɗin daga tushe. Gyaran ɗaya bayan ɗaya da hannu wahala ce kawai. Abin da kuke shigarwa da kanku kuma, ku fara da shekara: 2025-03-05. Wannan ba ya rikita kowa.

Akwai kuma tarkon ranar ƙarshe. Bayanan POS suna ɗauke da awa da minti. In ka ce "zuwa 31 ga Maris", manhaja kan fahimci ƙarfe 12 na daren da ranar ta fara, sai cinikin yinin gaba ɗaya ya faɗi waje, ga shi ƙarshen wata ne, lokacin da albashi ke shigowa. Ka ce mata daga 1 ga Maris, ƙasa da 1 ga Afrilu.

In bayan wannan giɓin bai rufe ba, ka ɗauki rana ɗaya tak, ka jera rasit ɗin POS da littafin, layi bayan layi, yaron yana zaune a gefenka.